Mu 'Yan Tudu Ma Muna Da Kaya A Ƙasan Teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili, ka kuma yi haƙuri da tsawon takardar. Malamin makaranta ne ni mai ritaya, ka kuwa san halinmu, in muka riƙe alli ba ma jin ƙararrawar tashi.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai yi mako ba, na je wurin mai POS a bakin kasuwa a nan Biu in ciri kuɗin cefanen buɗa-baki. Yaron tsohon ɗalibina ne. Ya zura kati ya zare, ya sake zurawa, ya ɗaga na'urar sama kamar mai duban wata, daga ƙarshe ya ce, "Baba Malam, yau sai haƙuri, netwok ya ɗauke." Layi har bakin titi, kowa da wanda yake tsine wa: wannan banki, wancan kamfanin waya, wani kuma gwamnati. Ranar da bashi na karɓo ƙosai da kankana. Sai daga baya na ji a rediyo cewa manyan wayoyin intanet huɗu ne da aka shimfiɗa a ƙasan teku suka lalace a gefen Kodebuwa, wato WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, kuma abin ya shafi Gana da Laberiya da Benin da wasu ƙasashen. Bayanan farko sun nuna ƙasa ce ta motsa a can ƙarƙashin ruwa.

Na kawo labarin gida ina ta bayani. Jikana, ɗan shekara 13 wanda ba ya raga mini, ya ce, "Tsoho, kai da kake cika baki ka koyar da labarin ƙasa shekara 35, wa ya nutsa ya gano maka?" Na kore shi da carbi, amma tambayar ba ta bar ni ba. Ita ce ta zaunar da ni karatu tun daga lokacin, ita ce kuma dalilin wannan takarda.

Ƙorafina a kanku 'yan jarida shi ne, lokacin da ɗan jirgin nan Titan ya fashe a watan Yunin 2023 da mutum biyar a ciki, a hanyarsu ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, kwana da kwanaki ana ba mu labari. Mai karatu ya tashi da fahimtar cewa ƙasan teku wurin shaƙatawar attajirai ne. Amma masu ainihin aikin wurin, wato na'urorin nutso marasa matuƙi, waɗanda ba su da rai balle a yi musu ta'aziyya, ban ga an ba su ko rabin shafi ba.

Bari in faro daga ƙofar gidana. Mu mutanen Biu a kan tsohon aman wuta muke zaune. Baƙaƙen duwatsun da manomanmu ke tsincewa suna jerawa a gefen gona narkakken dutse ne da ya sandare, tafkin Tila kuwa bakin dutse ne da ya mutu ruwa ya cika shi. Masana suna lissafa tudun Biu a jerin duwatsun da suka ratsa Kamaru. Ina ɗan malami sabon ɗauka aka sanar a rediyo, a watan Agustan 1986, cewa tafkin Nyos ya saki iskar da ta kashe mutum sama da 1,700 a dare ɗaya. Jerin bai tsaya a Dutsen Kamaru ba, ya faɗa teku ya ci gaba: Bioko, Principe, Sao Tome, Annobon, duk kawunan duwatsu ne da suka leƙo saman ruwa. Waɗanda ba su leƙo ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai wani dogon jerin duwatsu da ya naɗe duniya a ƙarƙashin ruwa, tsawonsa kusan kilomita 65,000, ya bi ta tsakiyar Atlantika daga arewa zuwa kudu, kuma mafi yawan aman wutar duniya a irin waɗannan wurare yake faruwa, babu mai gani.

Abin da ya hana a gani ba lalaci ba ne. Daga zurfin mita 200 haske ya fara ƙarewa, kafin mita 1,000 duhu ne wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Ga nauyin ruwa. Na yi wa jikan nawa lissafi a bayan kwalin ashana: a zurfin mita 4,000, abin da ke danne wuri mai faɗin farcen yatsa ya kai nauyin buhun siminti 8. Sannan saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, saboda haka tauraron ɗan'adam da ke nuna wa direba hanya a waya ba shi da amfani a can. Abin da ke tafiya da kyau a ruwa shi ne sauti, mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda zai yi aiki a wurin sai ya koyi sana'ar jemage: ya yi ƙara, ya saurari amsa-kuwwa, ya san nisan abin da ke gabansa.

Na'urorin nutso marasa matuƙi iri biyu ne, kuma a jarida ana yawan cakuɗa su. Akwai ta turke, akwai ta sake. Ta turke tana ɗaure da doguwar waya zuwa jirgin ruwa a sama, mutum na zaune gaban allo yana juya ta, tana da hannaye tana ɗebo dutse ko halitta. Ta sake kuwa ba igiya. A daren jiya an rubuta mata hanyar da za ta bi, da safe a ɗaura mata ƙarfe mai nauyi a jefa ta ruwa, ta nutse sa'o'i kafin ta isa, ta saki ƙarfen, ta kama aiki ita kaɗai. Tafiyarta irin ta mai huɗa da shanu ce, kunya bayan kunya, ta je ƙarshen gona ta juyo, ba sauri, kusan tafiyar mutum a ƙafa. Tana ƙirga juyinta da saurinta don ta san inda take, in ta ga gangare ko bango ta kauce da kanta. In batir ya kusa ƙarewa, bayan yini da kwana ko kusa da haka, sai ta saki wani ƙarfen ta taso, a kamo ta a zazzage abin da ta gano. Amfaninta shi ne kusanci. Jirgin da ke saman ruwa, in yana auna ƙasa mai nisan kilomita 4 a ƙarƙashinsa, abin da bai kai rabin filin ƙwallo ba da ƙyar ya fito a taswirarsa. Ita kuwa tana shawagi mita 50 kacal a saman ƙasan, har dutse mai faɗin mita 1 tana zana shi.

Wadda ta fi shiga raina a cikinsu sunanta ABE, ta cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka. Aikinta farautar maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma yadda take yi ya tuna mini da maharban garinmu. Zagayen farko tana sama-sama tana shinshina, tana neman inda ruwa ya ɗan gurɓace ko ya ɗan ɗumama. In ta kama ƙamshin sai ta sauko ta zana taswirar wurin. A zagaye na uku ta matso har 'yan mitoci daga ƙasa ta yi ta ɗaukar hoto. Da wannan dabara ta gano maɓuɓɓugai a kudancin Atlantika a 2005, ta wajen tsibirin Ascension, a tekun nan namu da Legas ke bakinsa, inda daga baya aka auna ruwan da zafinsa ya haura digiri 400. Ruwan bai zama tururi ya tsere ba saboda nauyin da ke kansa. A watan Maris 2010, a nutsonta na 222, a gefen ƙasar Chile, ABE ta yi shiru ba ta dawo ba. An fi zaton ɗaya daga cikin ƙwallayen gilashin da ke taso da ita ce ta fashe. Masu ita sun yi jimami, sun yi asarar dukiya, amma babu matar da ta shiga takaba. Ƙanwarta Sentry, mai iya kai mita 6,000, ta ci gaba da aikin.

Yanzu ga inda zan tona wa kaina asiri. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa duk abincin duniya daga rana yake farawa: rana ta ciyar da ciyawa, ciyawa ta ciyar da akuya, akuya ta ciyar da mu. Na ci gyaran yaran da suka rubuta wani abu daban. Ashe tun watan Fabrairun 1977, kafin ma in fara koyarwa, an riga an ga abin da ya ƙaryata ni. Masana duwatsu ne suka shiga ɗan jirgin nutso mai suna Alvin, mai cin mutum uku, suka sauka kusan mita 2,500 a kusa da tsibiran Galapagos. Ruwan ɗumi suka je nema, ba su tafi da masanin halittu ko ɗaya ba, don ba su zaci za su ga mai rai ba. Sai suka tarar da gari guda: manyan ƙumba-ƙumba, ƙaguwa, da wasu tsutsotsi dogaye cikin fararen bututu, kawunansu jawur. Maganin adana halitta ya yi musu kaɗan, har da barasar da ke jirgin suka jiƙa wasu a ciki.

Tsutsar nan takan kai mita 2. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Jan kan nata jini ne mai irin sinadarin namu, da shi take zuƙo iskar farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, daga ruwan da ke fitowa daga cikin dutse. Tana kai wa wasu ƙwayoyin bakteriya da ta ajiye a cikinta, su kuma su sarrafa ta su dafa abincin da ita da su za su ci. Ita ta ba da ɗaki da cefane, su suka yi girki. Abin da zai kashe ni da kai cikin mintuna, shi ne hatsin gidansu. Don kada wani tsohon ɗalibina ya rama cin gyaran da na yi masa, bari in ƙara da cewa ba su yanke zumunci da rana ɗungurungum ba, domin iskar shaƙa da suke haɗawa da ita asalinta daga tsirran sama ta gangaro. Duk da haka abin da na rubuta a allo bai cika ba.

A tekun Indiya kuma, a 2001, aka samu wani dodon-koɗi da ya yi wa ƙafarsa sulke da ɓawon ƙarfe, har mayen ƙarfe na kama shi. Ni dai da na ga hotonsa tasbihi kawai na yi. A 2019 aka sa shi a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, tun ba a taɓa gidansa ba, saboda 'yan wuraren da aka san yana zaune suna cikin inda masu neman ma'adinai suka sa wa ido. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya haɗa mini aman wuta da injin POS shi ne labarin Tonga, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik. Ranar 15 ga Janairu 2022 dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai, wanda kusan dukkansa a ruwa yake, ya fashe. Toka ta tashi sama da kilomita 50, an ji ƙarar har Alaska. Girgizar iskar ta zaga duniya sau da dama, kuma in ka soka tsinke a ƙwallon duniya daga Tonga, a kudancin Aljeriya zai ɓullo, kusa da iyakar Nijar, ma'ana a saman hamadarmu girgizar ta haɗu daga kowace kusurwa kafin ta koma. Ta wuce ta kanmu muna barci ba mu sani ba. Waya ɗaya tak ta haɗa Tonga da sauran duniya, ta tsinke, ƙasar ta yi sama da wata guda ana lalube. Mu kwana kaɗan muka yi a Biu muka kusa cinye juna.

Da farko jirgin binciken Niyu Zilan mai suna Tangaroa ya zagaya kewayen dutsen. Ya tarar toka ta binne ƙasan teku, wuraren da ke cike da halittu sun zama fayau, sai a kan wasu tuddai da ambaliyar ta kauce wa aka ga sauran rai. Amma bakin dutsen kansa, wa zai kai ma'aikata su tsaya a kai alhali ba a tabbatar ya huce ba? Sai aka aika Maxlimer, kwalekwale mai tsawon mita 12 wanda ba kowa a ciki. Shi a saman ruwa yake tafiya, masu kula da shi kuma suna zaune a Ingila, nisan kilomita 16,000, suna bin sa ta tauraron ɗan'adam. Ya auna ya gano ramin da a da zurfinsa bai wuce mita 150 ba ya koma kusan mita 850. Abin da ya fita daga ramin ya zubo ya gangara ta ƙarƙashin ruwa, laka da tsakuwa, da gudun da aka ƙiyasta ya kai kilomita 122 a sa'a. An san gudun ne daga lokacin da wayar da ta haɗa Tonga da duniya da kuma wadda ta haɗa tsibiranta suka ɗauke. Wannan ambaliyar ce ta yanke wayoyin ta kuma binne su.

Irin wannan ambaliyar ba sai da aman wuta ba. A watan Janairun 2020, bayan kogin Kwango ya yi cikar da aka daɗe ba a gani ba, laka ta ɓalle daga bakinsa ta bi wani kwazazzabo a ƙasan teku ta yi tafiyar sama da kilomita 1,100, ta tsinka WACS da SAT-3, guda biyu daga cikin waɗanda suka sake lalacewa a 2024.

Malam Edita, ka lura da abu ɗaya a labarin Tonga. An iya cewa rami ya tashi daga 150 zuwa 850 ne saboda wani ya riga ya auna shi kafin ya fashe. Haka ma a Mayot, tsibirin da ke tsakanin Madagaska da Mozambik. Daga watan Mayun 2018 ƙasa ta yi ta girgiza, tsibirin ya ɗan nutse ya kuma gusa gabas. A 2019 jirgin Faransa ya je ya tarar da sabon dutse mai tsayin kusan mita 800, a zurfin mita 3,500, kilomita 50 daga gaɓa. Yadda aka san sabo ne, taswirar 2014 ta nuna babu shi a wurin. Duk wanda ya taɓa zama a shari'ar gona gaban dagaci ya san wannan. Ranar rikici, mai gaskiya shi ne wanda kakansa ya dasa aduwa ko ya kafa dutse a kan iyaka tun ana zaman lafiya. Aikin da waɗannan na'urori ke yi ke nan, kunya bayan kunya a cikin duhu, aikin da ba ya da daɗin labari. Lokacin da aka fara shirin Seabed 2030 na zana taswirar ƙasan tekun duniya a 2017, kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku ne kawai aka auna da kyau. Yanzu an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu.

Gonar kuwa akwai mai so. Bututun dutsen da ruwan zafin nan ke fitowa ta cikinsu, waɗanda tsutsotsi ke kewaye da su, tagulla da tutiya da zinariya suke tarawa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa gadon 'yan'adam ne baki ɗaya, har Nijar da Cadi da ba su da gaɓa suna cikin yarjejeniyar. Hukumar da ke kula da gadon tana Kingston a Jamaika, ɗan Gana ma, Nii Allotey Odunton, ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2016. Amma ga waɗanda suka karɓi izinin binciken ma'adinan bututun: Sin, Rasha, Koriya ta Kudu, Faransa, Jamus, Indiya, Folan. Ka sake karanta jerin a hankali. Magajin da bai taɓa taka gonar ba, ranar rabo abin da aka miƙo masa shi zai karɓa ya yi godiya. Ni a ra'ayina bai kamata a sa injin haƙa a wurin da ba a gama sanin mazaunansa ba, amma ko wannan ra'ayin ma, mai na'urar aunawa ne ake sauraron nasa.

Ba na cewa Najeriya ta naɗe hannu. Akwai cibiyar binciken teku a Legas, sojojin ruwa sun karɓi jirgin awo NNS Lana a 2021, an kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023. An kuma sanar a 2024 cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a ƙara mana murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku, buƙatar da aka shigar tun 2009. Da awo aka ci wannan shari'ar, ba da kurari ba. To, me ke cikin sabuwar gonar? Wa zai sauka ya duba, da na'urar wa, kuma bayanan a hannun wa za su zauna?

Roƙona gare ka biyu ne. Na farko, ka tura wakilinka na Legas ya je cibiyar nan da ma'aikatar ya yi musu waɗannan tambayoyin, ya kawo mana amsa da Hausa. Ya kuma tambaya ko akwai yaro ɗan Maiduguri ko Sakkwato ko Zariya da ke koyon wannan aiki, domin haɗa irin wannan na'ura lissafi ne da lantarki da kwamfuta, ba ya buƙatar a haife ka a bakin ruwa. Masu kula da Maxlimer ma a kan tudu suke zaune. Yaran da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre a Kano, da ƙwaƙwalwar da suke warware allon waya mai siririn gashi, ban ga abin da zai gagare su ba in an nuna musu hanya.

Na biyu, ku taimaka mana da suna. Na gaji da rubuta "na'urar nutso marar matuƙi mai sarrafa kanta", alli zai ƙare kafin a kai ƙarshen jimla. Uwargidana ta ga hoton Sentry a wayata ta ce kwaɗon ƙarfe. Jikan nawa ya ce bai yarda ba, kwaɗo ba ya zurfi, shi gaiwa yake so a ce, tunda ita ce ke shiga laka ta daɗe ba a ji ɗuriyarta ba sannan ta fito da ranta. Yanzu haka ya cika mini randar bayan gida da robobin lemo da ya ɗaura wa ƙusoshi da gishiri a ƙulle cikin tsumma, wai in gishirin ya narke robar za ta taso da kanta. Biyu sun taso, ɗaya tana ƙasa tun shekaranjiya, uwargida kuma ta ce a fitar mata da ita kafin Juma'a. Ku buɗe wa masu karatu fili su kawo nasu sunan, mu ga wanda zai zauna.

Allah ya ƙara basira, ya kuma tsare alƙalaminku.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Biu, Jihar Borno.